Kwalliyar Ranar Da Rai Ba Daɗi

'Yan'uwana mata, akwai wata irin rana wadda kowace mace ta san ta. Ba a kwance ki ke ba, ba kuwa wani mugun labari aka kawo miki ba, amma sai ki wayi gari jiki a mace, zuciya kamar an ɗora mata dutsen niƙa. Ki share tsakar gida, ki dama koko, ki sallami yara makaranta, duk hannu ne kaɗai ke aiki, rai yana wani wuri. Amaryar da aka kai garin da ba ta san kowa ba ta san wannan rana. Haka mai jego idan 'yan barka sun watse, da wadda ta fita takaba, da 'yar makarantar kwana wadda jarrabawa ta kayar. A irin wannan rana abin da mace ta kan fara saki shi ne jikinta. Ta kan wuni da zanen da ta kwana da shi, kai ba kitso, ƙafa ba mai. In an yi mata magana ta ce, "To, wa zai gan ni?"

Wannan tambaya na ke so mu duba yau. An saba mana da cewa kwalliya don idon wani a ke yin ta, ko maigida, ko 'yan biki, ko don abokiyar zama ta gani ta ji haushi. Ni kuwa a ganina akwai kwalliyar da mace ta kan yi don ranta kaɗai, kuma yawancin kayanta suna nan cikin ɗakinki, ko ɗakin tsohuwarki, ba sai kin ci bashi ba.

Likitocin da ke duba masu damuwa sun lura da wani abu. Mutum ya kan zauna yana jiran ransa ya yi daɗi kana ya motsa, alhali sau da yawa motsin ne ke fara zuwa, sa'an nan daɗin ya biyo baya. Don haka su kan ce wa mai damuwa ya zaɓi ɗan ƙaramin abu mai faranta rai ya yi shi kullum, ko da ba ya jin yi. Kakanninmu ba su karanta wannan a littafi ba, amma ai su ne ke cewa rai dangin goro ne, ruwa a ke ba shi. In suka ga yarinya ta yi zugum ba su kan tsaya dogon bincike ba, sai su ce, "Tashi ki yi wanka, ki zo in kama miki kan nan."

Bari mu fara da ƙamshi, gama shi ya fi saurin aiki. Masana sun ce hanci yana da gajeriyar hanya zuwa sashen ƙwaƙwalwa da ke riƙe da tunawa da jin daɗi ko tsoro, hanyar da ta fi ta ido da ta kunne kusa. Shi ya sa ki ke kurɓar ruwan randa da aka jefa wa jema, kafin ki haɗiye kin ga kanki a gidan da ki ka tashi. Amaryar da ke baƙon gari, in ta turara ɗakinta da irin turaren da uwarta ke sawa, rabin kewa ya kan sauka.

Gwanayen turaren wuta matan Barno ne, Barebari da Shuwa, wannan ba gardama. Humra kuwa, watau turaren nan mai kauri da a ke shafawa a jiki, daga Sudan ta zo mana har da sunanta. Yadda su ke haɗa na wuta abin sha'awa ne. A kan sami 'yan guntayen itace mai ƙamshi, kamar sandal da hawi, a jiƙa su da turaren mai, a juya su cikin narkakken sukari bisa wuta kaɗan-kaɗan. Sukarin nan shi ke rufe ƙamshin a jikin itacen, ya kuma sa shi ci a hankali in an ɗora bisa garwashi. A kan ƙara kajiji da kanumfari da farce. Kada 'yan makaranta su tsorata, ba farcen mutum ba ne. Murfin bakin wani dodon-koɗi ne na teku, a kan wanke shi sarai, a soya, a daka. Shi kaɗai ba shi da daɗin shaƙa, amma shi ke riƙe sauran ƙamshin kada ya gudu. In an gama a zuba a kwalba a toshe, a manta da shi makonni. Turaren da ya kwana biyu ya fi sabo nesa ba kusa ba.

Ba lalle sai kin haɗa da kanki ba. Ɗan tsunkule ɗaya bisa kasko ya isa ɗaki, in kuma kin kifa kabbasa kin shimfiɗa mayafinki a kai, ƙamshin zai bi ki har gobe. Sai dai ki bar taga a buɗe. Gawayi a rufaffen ɗaki yana fid da wata iska marar wari wadda ke sa ciwon kai da jiri, har ta kan kashe mai barci. Inda akwai jariri ko mai asma, a turara ɗakin sa'ad da ba su ciki.

Akwai kuma 'yar kwalbar nan ta Bintu Sudan mai hoton yarinya a jiki, wadda 'yan matan yanzu ke yi wa dariya wai turaren tsofaffi. Wani kamfani ne na Landan, W. J. Bush, ya fara haɗa shi a 1920, kuma an daɗe ana ɗura shi a Kano. Mai ne zalla, shi ya sa ɗigo guda a bayan kunne ya kan wuni. Turare nawa na yayi aka yi aka manta cikin shekara ɗarin nan, shi yana nan? Ni dai ban ga abin dariya ba.

Daga ƙamshi sai adaka. Kusan kowace tsohuwa tana da akwatin ƙarfe ko kwalla mai murfi a ƙarƙashin gado, inda ta ke ajiye kayan da ba ta sawa, ba ta kuwa bayarwa. In ranki ya ɓaci wata la'asar, je ki gaishe ta, ki ce, "Kaka, don Allah buɗe mini in gani." Za ta yi 'yar gardama tukuna, amma tana so. A nan za ki ga saƙi da barage na hannu, masu nauyi, waɗanda aka saƙa ƙwarya-ƙwarya aka harhaɗa da allura. Za ki ga baƙin zane mai shuni wanda ya sha bugu har yana walƙiya, irin aikin da ya fid da sunan garin Kura har cikin Sahara wurin Buzaye. Masu karofin Ƙofar Mata a Kano suna lissafin marinarsu tun 1498, kuma har yanzu da baba da toka su ke aiki. Wadda ba ta taɓa gani ba ta je ta gani. Zane ya kan fito daga rami kore-kore, iska na bugunsa sai ya rikiɗe shuɗi a gaban idonki, a sake tsomawa, a sake ɗagawa, har ya yi duhun da a ke so.

Atamfofin cikin adakar ma suna da labari. Duba gefen zanen, a nan a ke buga sunan masaƙa. In 'yar Holan ce ta Vlisco, kamfanin yana garin Helmond tun 1846, kuma asalin irin wannan zane kwaikwayon rinin kakin zuma ne na mutanen Jawa a Indunusiya. Alamar ta ƙwarai ita ce ciki da baya launinsu ɗaya. Amma wadda ta fi taɓa mini zuciya ita ce 'yar gida. Babbar masaƙar farko ta Kaduna ta fara aiki a 1957, UNTL ta biyo a 1964, har aka yi zamanin da audugar Funtuwa da Gusau ke komawa zane a jikin matan da mazansu suka noma ta. Bayan shekarar 2000 yawancin masaƙun nan suka rufe ɗaya bayan ɗaya. Saboda haka tsohuwar atamfar Kaduna da ke hannun goggonki, ko kin zaga Kantin Kwari kaf ba za ki sami sabuwarta ba. In ta ba ki, ki wanke da ruwan sanyi, ki shanya a inuwa, ki jefa 'yan ƙwayoyin kanumfari cikin ninkin saboda asu. Da tsohuwar zuma a kan yi magani.

Ku kuma 'yan makaranta, in zanen ya mutu a tsakiya kada ku bari a mai da shi tsumma. Gefunan da suka rage su kan yi ɗankwali, ko jakar littattafai, ko rigar matashin kai. Ina koya wa 'yan ajina wannan a darasin ɗinki, na kuwa lura yarinyar da ta fi kowa shiru ita ta kan fi kowa ɗaga kai ran da ta rataya jakar da ta ɗinka da zanen kakarta.

A ƙasan adaka, cikin wata 'yar batta ko ƙullin tsumma, nan kayan ƙarau su ke, su murjani da tsakiya da munduwa da zoben azurfa da ya yi baƙi. Wani lokaci har a ga wani babban kuɗin azurfa mai hoton wata mace mai jiki, an huda shi an sa a zare. Wannan Maria Theresa ce, sarauniyar Ostiriya. Fatake ne suka riƙa kawo kuɗinta ta hamada, maƙeran fari kuma suna narka shi suna ƙera wa mata awarwaro da zobba. Za ki ga an rubuta 1780 a jiki, amma kada wani ɗan kasuwa ya ruɗe ki da wannan. Shekarar da ta rasu ke nan, kuma duk wanda aka buga bayanta, har cikin ƙarni na 20, wannan shekarar a ke sa masa. Azurfa in ta yi baƙi, lallausar toka da ɗan tsumma sun ishe ta. Tagulla kuwa jiƙaƙƙiyar tsamiya ta ke so. Amma kada ki kusantar da lemon tsami ko tsamiya ga murjani, tsami yana cinye shi.

Wadda ba ta da tsohuwa kusa, kasuwa na nan. Kasuwar Kurmi, wadda aka kafa a zamanin Sarki Muhammadu Rumfa (1463 zuwa 1499), har yau tana da rumfunan duwatsun wuya da tandu da kayan fata, 'yan gwanjo kuma suna Ƙofar Wambai. Daɗin gwanjo tonon ne. Ki juya tuli guda, ki juya na biyu, can sai ga ɗan gyale mai laushi wanda ba wadda ke da irinsa a unguwarku. A wanke shi da sabulu, a goge da dutsen guga mai zafi kafin a sa. Sharaɗi ɗaya ne, ki ƙulle abin da za ki kashe a bakin zane tun daga gida, in ya ƙare ki juyo. Na san matan da ɓacin rai ya kan kora kasuwa, su ɗauko leshi bashi, su yi murnar kwana biyu, sa'an nan dillaliya ta riƙa sallama kowace Jumma'a. Ankon biki ma haka ya ke yi wa wasu. Wannan ƙarin dutse ne bisa wanda ke zuciya.

Lalle kuwa ina yabonsa don wani dalili dabam, ba ya yiwuwa da gaggawa, kuma da wuya mace ta ƙunsa wa kanta hannu biyu. Tilas ki kira maƙwabciya ko ƙanwa. Da hannu ya shiga zunguru, ko aka naɗe ƙafa, ba sauran tashi, sai hira, cikin hirar kuwa abin da ke cin rai ya kan fito da kansa. Ki riƙe jan lalle na ganye. Baƙin nan da a ke haɗawa da dayis, maganin rina gashi ne a ciki, ya ƙona fatar mata da yawa har ya bar tabo. Haka kwallin dutse mai ƙyalli, akwai dalma a cikinsa, kada a ɗura shi a idon jariri.

Amma fa turare da tsohon zane na ranar da rai ba daɗi ne, ba su warkad da ciwo. In baƙin ciki ya zarce mako biyu kullum ba sauƙi, barci ya ƙi, abinci ya ƙi, abin da ki ke so da ya daina burge ki, ko ki ka fara jin gara ma ba ki a duniya, to, wannan ciwo ne kamar sauran ciwo, yana da magani. Mai jego ta kan yi 'yan koke-koke a kwanakin farko su wuce, amma in abin ya daɗe, ko ta kasa kula da jaririn, kada a ce mata ta yi haƙuri kawai. A kai ta asibiti. Ko ungozomar asibitin unguwa aka gaya wa, ta san inda za ta tura ku, akwai kuwa asibitocin wannan fanni a Dawanau ta Kano, da Barnawa ta Kaduna, da Kware ta Sakkwato, da Maiduguri. Ke da ki ka lura da 'yar'uwarki ta saki jikinta haka, ki tafi mata da lallen, ki kuma raka ta wurin likitan.

Wani abu kuma, matan da su kan raɗa wa kowace atamfa suna, wani na yabo, wani na habaici ga abokiyar zama, kuma sunan ya kan bambanta daga gari zuwa gari. Sunayen nan ba a gefen zane a ke buga su ba, a bakin tsofaffi su ke. Wadda ta buɗe adakar kakarta a makon nan, ta tambayi sunan kowane zane da shekarar da aka yi yayinsa, ta rubuto mana tare da sunan garinsu, za mu buga a wannan fili.