Karen da ke ji a madadin mai shi

Kurma ake haihuwar ɗan kwikwiyo. Kunnuwansa a toshe, idanunsa a rufe, sai ya yi kamar mako biyu a duniya kafin ramin kunnen ya buɗe. Da ya ɗan tasa kuwa sai ya tsere mana wajen ji. Kunnen ɗan Adam iyakarsa sautin da ke kaɗawa sau 20,000 a daƙiƙa ɗaya, na kare ya ninka haka har da ɗoriya. A kowane kunnensa akwai tsokoki wajen 18, masu ɗaga shi, su karkata shi wajen da motsi ya fito, ko da gangar jikin na kwance. Shi ya sa in kare ya ɓarke da haushi da tsakar dare ba a ga kowa ba, mutanenmu kan ce aljanu ya gani. Sau da yawa ji ya yi: ɓera a rumbu, ko takun mutum can bayan danga.

Wannan baiwa ce wasu mutane a Ingila suka ga dacewar a ara wa kurame. A 1982 aka kafa ƙungiyar Hearing Dogs for Deaf People, cikin waɗanda suka assasa ta har da likitan dabbobi Bruce Fogle, kuma babbar cibiyarta na yankin Buckinghamshire. Amurka ta riga su, tun 1977 aka fara irin wannan aiki a jihar Oregon. Ba kowane kare ake ɗauka ba. An fi son masu sanyin hali da son mutane, irin su Labrador da cocker spaniel da ƙaramin poodle. Kwikwiyo na ɗan wata biyu ake miƙa shi ga masu aikin sa-kai, ya saba da kasuwa da mota da hayaniyar yara, sannan a koya masa sautuka ɗaya bayan ɗaya.

Aikin nasa abin kallo ne. In an danna ƙararrawar ƙofa, ko agogon farkawa ya buga, ko jariri ya tsanyare da kuka, ba ya haushi, don wa zai yi wa? Zuwa yake ya zunguri mai shi da hanci, in an tambaye shi da hannu sai ya ja gaba zuwa inda sautin yake. Amma in na'urar gargaɗin gobara ce ta yi ƙara, sai ya zungure shi ya kwanta a ƙasa, don ba a kai mutum wajen wuta. Jiki ya fi kunne ji, in ji masu iya magana, ga shi nan a zahiri: saƙon da kunne ya kasa ɗauka ta fata yake shiga.

To, ga inda abin yake da ciwo. Kare ba ya daɗewa. Wajen shekara 10 ko 11 ake sallamarsa daga aiki, kuma tsufa kan taɓa kunnen nasa shi ma. Dattijuwar da ta shekara goma tana barci da natsuwa saboda akwai mai ji a gefen gadonta, ranar da ya mutu kurumta ta dawo mata sabuwa. Ta koma barin ƙofa a buɗe don kada baƙo ya juya, ko ta kulle ta zauna tana leƙen taga. A titi ma ta yi rashi, domin 'yar rigar nan mai launin ja mai duhu da karen ke sawa ita ke sanar da jama'a cewa wannan baiwar Allah ba ta ji, sai su fuskance ta su yi magana a hankali. In babu rigar, sai a ɗauka girman kai ne ya hana ta amsawa. Ɗanta da ke wani gari yana iya saya mata fitilar da ke walƙiya in an danna ƙararrawa, da na'urar da ke girgiza matashi, kuma suna da amfani. Sai dai ba su bin ta lambu, ba su sa maƙwabta su tsaya gaisawa.

Mai karatu na iya yamutsa fuska, don a wurinmu kare ɗan zaure ne da bakin garke, sunansa ma zagi ne. Amma mazhabar Malikiyya da muke bi ba ta ɗauki kare mai rai najasa ba, kuma shari'a ta yarda a riƙe shi don farauta da kiwo da gadin gona. Karen Ashabul Kahfi ma a bakin kogo ya kwanta tare da bayin Allah. Ni dai ina ganin tsohuwar da gobara za ta iya cinyewa tana barci ta fi gonar dawa buƙatar mai gadi.

Samun magajin karen da ya tsufa ko ya mutu kuwa ba sayen akuya ba ne. Ƙungiyar ta Ingila kyauta take bayarwa, da gudummawar jama'a ake horon, kuma horon kan kai shekara ɗaya da rabi zuwa biyu. Ana duba tafiyar mutum, da gidansa, da ko akwai jikoki ko kyanwa, kafin a haɗa shi da karen da ya dace. Ba a fafe gora ranar tafiya, saboda haka 'ya'yan da suka lura karen gyatumarsu ya fara nauyin tashi, tun lokacin suke fara maganar wanda zai gaje shi. In sabon ya iso, sai ta sake koyon zungurinsa, shi kuma ya koyi ƙarar ƙofarta da hanyar da take bi zuwa kanti.