Uwargida, Ki Tankaɗe Kafin Ki Sayi Hannun Jari

Idan kaka ta yi a Fassi da sauran ƙauyukan Kibiya da Rano, mace kan wayi gari da 'yan kuɗi a hannu, ko na gyaɗa, ko na akuyar da ta sayar, ko kwasar adashi. Nan take masu ba da shawara za su yi caa, har da mai cewa ki sayi hannun jari ta waya. Sayen ba laifi ba ne, amma ai ba a zuba gari a tukunya sai an tankaɗe.

Hannun jari wani yanki ne na kamfani. Idan ya ci riba a ba ki rabonki, idan ya faɗi ku faɗi tare. Kamfanonin da ke kasuwar hannun jari ta Nijeriya, wadda aka kafa a Legas a 1960, sun haura ɗari. Shi ya sa ake amfani da manhajar tacewa a waya ko kwamfuta: ki faɗa mata sharuɗɗanki, ita kuma ta fitar miki da waɗanda suka cika su.

Sharaɗinki na farko a matsayinki na Musulma shi ne halas. Hukumar AAOIFI da ke Bahrain ta shimfiɗa ma'auni. Kada ainihin sana'ar kamfani ta zama giya, caca, naman alade ko bashi da ruwa. Kada bashin ruwan da ke kansa ya wuce kashi 30 cikin 100 na darajarsa a kasuwa. Kada kuɗin da ke shigo masa ta haramtacciyar hanya ya wuce kashi 5 cikin 100, kuma wannan ɗan kason sai ki cire shi daga rabonki ki bayar ga mabuƙata. Manhajoji irin su Zoya da Musaffa na yin wannan lissafi, sai dai sun fi ƙarfi a kan kamfanonin waje. A nan gida kuwa, tun 2012 kasuwar tamu da kamfanin Lotus Capital na Hajara Adeola suka fito da jeri na musamman na kamfanonin da suka dace da shari'a. Ki fara daga nan.

Na biyu shi ne burinki, wanda manhaja ba ta san shi ba sai kin faɗa. Idan kuɗin makarantar yara kike so duk shekara, ki nemi kamfanin da ya jera shekaru biyar yana raba riba. Idan kayan ɗakin 'yarki mai shekara goma kike tanadi, ki duba wanda cinikinsa ke ƙaruwa, bashinsa kaɗan. Amma kuɗin taki ko na bikin da ke tafe bayan Sallah, kada ki kai su can.

Dalili kuwa, 'yar uwa, manhaja abin da ya wuce take karantawa, ba ta san gobe ba. A 2008 kasuwar ta rufta, cikin shekara guda jarin jama'a ya zube da fiye da rabi, masu cin bashi su sayi hannun jari suka shiga uku. Haka nan kamfanin da ya tsallake tacewa bana yana iya cin sabon bashi baɗi, don haka ki riƙa sake dubawa duk wata shida.

Ki kuma bambanta manhajar tacewa da ta 'yan damfara. Ta gaskiya ba ta yi miki alƙawarin ninka kuɗi. MMM a 2016 da CBEX a 2025 da irin wannan romon baka suka kwashe dukiyar mutane. Ki saya ta hannun dillalin da ke da rajista da hukumar SEC, asusun ya kasance da sunanki, ba na maigida ko ɗanki ba, domin dukiyarki taki ce a Musulunci. Ki shawarci maigida, ki tambayi malami batun zakka, sannan ki fara da abin da ba zai hana ki barci ba. Allah Ya sa wa nemanmu albarka, amin.