Minsharin da ake wa dariya a Zango, a Amurka awo ake yi masa

A Nima da Maamobi da Accra New Town akwai gidaje da dama da 'ya'yansu suka tafi Amurka ta hanyar cacar biza, wasunsu kuma suka shiga aikin soja a can. Irin waɗannan gidaje ya kamata su san cewa minsharin nan da muke yi wa mutum tsiya a kansa, wani nau'insa cuta ce da Ma'aikatar Kula da Tsofaffin Sojoji ta Amurka, wato VA, ke biyan diyya a kanta duk wata.

Ba kowane minshari ba. Wanda ake nufi shi ne wanda maƙogwaro ke toshewa cikin barci har numfashi ya ɗauke na daƙiƙa 10 ko fiye, mutum ya farka a firgice yana shaƙa, ya koma barci bai ma sani ba. Shi ya sa ma'aikatar ba ta karɓar bakin mutum kawai, sai an kwantar da shi dare guda da na'urori a jikinsa an ƙirga. Ɗaukewa 5 zuwa 14 a awa guda ciwo ne mai sauƙi, 15 zuwa 29 matsakaici, daga 30 kuwa ya yi tsanani.

Daga nan sai a yanka masa kaso. Wanda awo ya nuna ciwon amma bai dame shi ba, sifiri. Mai fama da gyangyaɗi da rana kullum, kashi 30 cikin 100. Wanda likita ya ɗora a kan na'urar hura iska ta CPAP, kashi 50. Kashi 100 sai wanda numfashinsa ya gaza ko aka huda masa maƙogwaro. A watan Fabrairun 2022 ma'aikatar ta kawo shawarar a riƙa duba ko magani ya yi aiki maimakon mallakar na'urar kawai, don haka mai nema ya tambayi ƙa'idar da ke aiki ranar da zai shigar da takardunsa.

Inda gizo ke saƙar shi ne nuna cewa ciwon na da alaƙa da aikin soja. A nan ne kunyarmu ke cutar da mu, domin yaron Zango ba ya zuwa asibitin bariki ya ce yana minshari, alhali rubutun likita na wancan lokaci ne babbar hujja. Ana kuma karɓar rubutacciyar shaidar matarsa ko abokan kwanansa na bariki. Wanda ya dawo Accra ma haƙƙinsa bai faɗi ba.

Ga 'yan kasuwa kuwa, ko babu diyya maganar ta shafe ku. Direban da ke ɗauko kayanku daga Aflao ko Paga cikin dare, in mai ƙiba ne mai kaurin wuya, ga hawan jini, ga gyangyaɗi da zarar ya zauna, a tura shi ya ga likita kafin a sake ba shi lodi.