Damina da Jirgi Maras Matuƙi a Dajin Birnin Gwari

Hausawa kan ce gani ya kori ji. Wannan ne ya sa ƙaramin jirgi maras matuƙi mai ɗaukar hoto ya sami karɓuwa wurin ma'aikatan gona da na gandun daji. A ƙasar Dogon Dawa, inda gonaki suka yi iyaka da daji mai duhu, aka kuma sha fama da rashin tsaro, jirgin kan duba cikin 'yan mintoci abin da mutum zai yini bai kewaye ba. Haka nan a gandun Kamuku, wanda ya koma hannun Gwamnatin Tarayya a 1999. Sai dai lokacin da aka fi bukatarsa, watau damina, daga Mayu zuwa Oktoba, shi ne lokacin da ya fi shiga haɗari.

Dalili kuwa shi ne, yawancin jiragen da ake sayarwa a kasuwa, irin su Mavic da Mini na kamfanin DJI na ƙasar Sin, ba a ƙera su don ruwa ba. Injinan da ke juya farfela sukan jure yayyafi. Rauninsa yana ciki, wurin allon lantarki da bakin batir da kyamara. Ɗigo ɗaya in ya haɗa wayoyi biyu, jirgin na iya faɗowa nan take, in kuwa bai faɗo ba, tsatsa ta bi shi daga baya.

Akwai ma'auni na duniya da ake kira IP, mai lambobi biyu: ta farko ta ƙura, ta biyu ta ruwa. Matrice 30, wanda ya fito a 2022, yana da IP55, watau yana jure ƙura da feshin ruwa, amma ba nutsewa ba. Sai dai kuɗinsa ya fi ƙarfin ƙaramin ofis.

Dabarar da ta saura ba baƙuwa ba ce ga maginin gargajiya. Yadda yakan shafe katanga da makuba don kada ruwa ya zaizaye ta, haka ake shafe allon lantarki da wani siririn ƙaro na silikon, a bar shi ya bushe. Amma kamar yadda magini ba ya toshe indararo, akwai wuraren da ba a taɓawa. Na farko, ma'aunin nauyin iska, wanda da shi jirgin ke sanin nisansa da ƙasa. Na biyu, kafofin fitar zafi, domin in an liƙe su, zafi zai yi ɓarnar da ake gudun ruwa ya yi. Na uku, gilashin kyamara da bakin batir. Har ila yau, buɗe jirgin kan soke lamunin da kamfani ya bayar.

Duk da haka, shafe ba ya maganin guguwar da ke gaban hadari, ba ya kuma hana ɗigo ɓata hoto. Saboda haka in gabas ta yi baƙi, a sauko da shi. In ya jiƙe, a cire batir nan da nan, a shanya shi a inuwa, kada a kunna sai ya bushe sarai. Ma'aikacin da aka danƙa wa kayan gwamnati ya tuna amana ce a hannunsa, kuma rigakafi ya fi magani.