Kayan Jaki, Saƙon Annabi

Ga kacici-kacici, mai karatu: mene ne jaki ke ɗauka a gadon baya, annabi kuma ya ɗauka a baki?

Duk wanda ya ratsa gonakin Bichi da Ɗambatta da rani ya ga jakuna da mangala cike da taki. A Ibrananci, harshen Tsohon Alkawari, sunan irin wannan kaya massa. Ita ce kalmar da ke cikin Fitowa 23:5, inda aka umarci mutum ya agaza wa jakin maƙiyinsa idan kaya ya danne shi. To, buɗe Ishaya 13:1. Saƙon da annabin ya karɓa a kan Babila, shi ma massa aka kira shi. Ina jaki, ina wahayi?

Ko alƙalamin mai kwafa ne ya zame? Sam. Da wannan kalma littafin Nahum ya buɗe, haka Habakuk, haka Malakai. Hannu ba ya zamewa sau uku a wuri ɗaya. Da gangan ne. Amma don me?

Ko sunan ƙabila ne? Farawa 25:14 ta lissafa Massa cikin 'ya'yan Isma'ila, har wasu masana na ganin a can Sarki Lemuwel na Karin Magana 31 ya yi mulki. Sai dai wannan mabuɗi bai buɗe ƙofar Babila ba, balle ta Nineba, birnin da saƙon Nahum ya shafa.

To, ko mugun labari ne, don nauyinsa? Mun kusa. Yawancin saƙonnin na hukunci ne. Amma Zakariya 12 ta fara da massa, ta kuma yi wa Urushalima albishirin kuɓuta. Sawu ya sake ɓacewa.

Saura wuri ɗaya. Saiwar kalmar.

A Ibrananci, ita ce nasa. Ma'anarta ɗagawa, ko ɗauka. Nan asirin ya tonu! Ibraniyawa na ɗaga kaya da wannan kalma, suna kuma ɗaga murya da ita, kamar yadda Bahaushe ke yi. Massa shi ne abin da aka ɗaga: kaya a kan dabba, ko magana a bainar jama'a. Annabi ɗan saƙo ne da aka aza wa amana, ba shi da hutu sai ya sauke ta gaban masu ita.

Irmiya ya haɗa ma'anonin biyu a sura 23, kafin Babila ta rushe Urushalima. Mutane na tambayarsa massa na Ubangiji, wato saƙo. Bisa tsoffin fassarorin Helenanci da Latin, amsar da aka ba su ita ce su ne kayan, kuma za a yar da su. Musulmi ma ba baƙi ba ne a nan, domin Suratul Muzzammil ta siffanta wahayi da magana mai nauyi.

Don haka, malam ko fasto, kafin ka ce Allah ya ce, ka tabbata ka san nauyin abin da ka ɗauko.