AMSOSHIN TAMBAYOYINKU: Me Ke Sa Kuɗi Maƙalewa A Waya?

TAMBAYA: Wani mai sauraronmu, ɗan kasuwar hatsi daga Masanawa ta ƙaramar hukumar Kabo, ya rubuto yana cewa: "Don Allah a yi mini bayani. Ranar kasuwa a Gwarzo sai in tura kuɗi ta waya, a cire a asusuna, amma mai kaya bai gani ba. Wata manhajar kuwa ba ta cika yin haka ba. Ina bambancin?"

AMSA: To Malam, wani lokaci rashin sabis ne, amma sau da yawa ginin manhajar ne bai yi ƙwari ba. Ita manhaja umarni ne da ake rubuta wa kwamfuta, kuma tana da fasali kamar gida: ga sashen duba lambar sirrinka, ga na cire kuɗi, ga na sanar da bankin mai kaya. In kowane sashe na da katangarsa, ɗaya zai lalace sauran na aiki. In an cakuɗa su, tsagewa guda ta isa ta kada gidan.

Fasali mai kyau kuwa daga yadda maginan ke aiki yake fitowa. Tun 1968 Melvin Conway, masanin kwamfuta ɗan Amurka, ya lura cewa fasalin manhaja yakan ɗauko kamannin yadda masu yin ta ke hulɗa da juna. In masu sashen cire kuɗi ba sa zama da masu sashen aikawa, a mahaɗar nan za a sami ɓaraka, kuɗinka ya maƙale a tsakani.

Shi ya sa masu aikin kirki sukan tsara fasalin kafin su soma rubutu, wani ya duba aikin wani, su gwada manhajar da cunkoso irin na ranar kasuwa. Sannan kaɗan-kaɗan suke ƙara sabon abu, kamar maginin ƙasa da ke barin ɗori ya bushe kafin ya ɗora wani.

Gaggawa na da tsada. A watan Afrilun 2018 bankin TSB na Birtaniya ya kwashe asusun jama'a zuwa sabuwar manhaja ba tare da isasshen gwaji ba. Mutane kusan miliyan 1.9 suka kasa shiga asusunsu, kuma a 2022 hukumomi suka ci bankin tarar fam miliyan 48 da ɗoriya. Nan gida ma kun gani a farkon 2023, lokacin canjin takardun N200 da N500 da N1,000: kowa ya koma tura kuɗi ta waya, manhajojin bankuna da dama suka durƙushe don nauyin ya fi ƙarfinsu.

Saboda haka, mai saye ya adana lambar shaidar turawa, ya kai wa bankinsa. In sun yi ta jan ƙafa, ya kai kuka sashen kare haƙƙin masu hulɗa da bankuna na Babban Bankin Nijeriya. Mai kaya kuma kada ya saki buhu sai ya ga kuɗin a asusunsa.

Da fatan mai tambaya ya gamsu. Allah Ya ba da kasuwa.