4,294,967,297: Lambar da Ta Kayar da Hasashen Fermat

Masana lissafi suna kasa lambobi gida-gida. Akwai cika, akwai mara. Akwai masu rabuwa, kamar 15 da ake samu daga 3 sau 5, akwai kuma gagara-rabo, irin su 7 da 13, waɗanda babu mai raba su ba saura sai 1 da su kansu. Gane gidan ƙaramar lamba ba wuya. Amma idan ta kai biliyan huɗu da ɗoriya, kamar 4,294,967,297, ko gwani yana iya yin tuntuɓe.

Ga asalinta. A ɗauki 2 a ninka ta da kanta, a sami 4. A ninka 4 da kanta, a sami 16, daga nan 256, sai 65,536. Idan aka ƙara 1 a kan kowacce, za a sami 3, 5, 17, 257 da 65,537, kuma dukansu gagara-rabo ne. Ganin haka ya sa Pierre de Fermat, wani masanin shari'a a Faransa da ya shahara a lissafi, ya rubuta a 1640 cewa yana kyautata zaton duk lambobin wannan jeri haka suke. Ta shida a jerin ita ce 65,536 sau 65,536, a ƙara 1, wato 4,294,967,297.

Kamanninta sun goyi bayansa. Mara ce, don haka 2 ba ta raba ta. Jimillar alƙalumanta 59, saboda haka 3 ma ba ta raba ta. Ko mutum ya bi gagara-rabo ɗaya bayan ɗaya har ya wuce 600, kullum sai ya ga saura. Sai dai sanin hali ya fi sanin kama.

A 1732, Leonhard Euler, ɗan ƙasar Suwizalan mai shekara 25 da ke aiki a Rasha, ya nuna cewa lambar tana rabuwa: 641 sau 6,700,417. Ba lalube ya yi ba. Dabarar da ya bayyana daga baya ita ce, duk gagara-rabon da za ta raba wannan lamba dole ta kasance ninkin 64 da ƙarin 1. Da wannan ƙa'ida, 'yan takarar farko su ne 193, 257, 449, 577 da 641. Ta biyar ta buɗe ƙofa.

Yau an san gidanta sarai. Lamba ce mai rabuwa, haifaffiyar gagara-rabo biyu kacal, don 641 da 6,700,417 duk ba sa rabuwa. Masu raba ta huɗu ne: 1, waɗannan biyun, da ita kanta. Maƙwabciyarta ta ƙasa, 4,294,967,296, ita ce yawan adireshin da tsohon tsarin intanet na IPv4 ke iya samarwa.

Abin mamaki, tun daga 65,537 ba a sake gano gagara-rabo ko ɗaya a jerin Fermat ba, duk da ƙarfin kwamfutocin zamani. Kowace lambar da aka iya tantancewa, an tarar tana rabuwa. Ɗalibin lissafi ya riƙe wannan: misali biyar a jere suna iya sa zato, amma hujja ce kaɗai ke yanke hukunci.